Mashayar Ƙauye a Ingila da Masu Bin Diddigin Zuri'a

Mashayar unguwa a Ingila da Wels, wadda mutanen can suke kira pub, gida ne da hukuma ta ba lasisin sayar da giya a sha a nan take. Sunan an gutsuro shi ne daga wata doguwar kalma mai ma'anar gidan jama'a, kuma ya dace da tarihinta, domin shekaru aru-aru, in aka cire coci, babu rufin da ke tara mutanen ƙauye kamar nata. Masu bin diddigin zuri'a, wato waɗanda ke tono sunayen kakanni da inda suka zauna da sana'ar da suka yi, sun daɗe da gane cewa mashaya na cikin gidajen da suka fi barin takarda a baya. Dalilin kuwa rashin yarda ne. Gwamnati ba ta taɓa sakin jiki da wurin da talakawa ke taruwa da dare suna sha suna hira ba, don haka ta zuba masa ido, ta rubuta sunan mai shi, ta ƙayyade masa lokacin buɗewa da rufewa, ta ci shi tara in ya kauce. Duk wannan sa ido ya zauna a rubuce.

Asalin mashayar yau gidaje iri uku ne da suka narke suka zama ɗaya. Akwai ƙaramin gidan giya na talakawa, wanda sau da yawa ɗakin girkin wani ne, matar gidan ke dafa giyar sha'ir ta sayar wa maƙwabta. Akwai gidan shan ruwan inabi na cikin birni, mazaunin 'yan kasuwa da lauyoyi. Sai masaukin matafiya a bakin babbar hanya, mai ɗakunan kwana da bargar dawaki. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama a ƙofa don jami'in da ke ɗanɗana ta ya san inda zai nufa. Ƙidayar da aka yi a 1577 domin haraji ta samu ƙananan gidajen giya fiye da 14,000, masaukai kimanin 1,600, da gidajen ruwan inabi ɗari uku da 'yan kai. Sanin wannan bambanci yana rage wa mai bincike wahala, domin mai masauki mutum ne mai abin hannu wanda yakan bar wasiyya da takardun fili, alhali mai ƙaramin gidan giya ba ya bayyana sai a takardar lasisi ko a gaban alƙali.

Takardun lasisi sun samo asali daga dokar 1552, zamanin Sarki Edward na Shida. Dokar ta ce ba wanda zai buɗe gidan giya sai da izinin alƙalan gunduma, kuma sai ya ɗauki alƙawari a rubuce cewa ba zai bari a yi caca ko tashin hankali a gidansa ba, tare da kuɗin da zai yi asara in ya saɓa, yawanci fam goma a ƙarnonin baya. Ba shi kaɗai ke sa hannu ba, sai ya kawo masu tsaya masa. Nan ne ribar take ga mai neman dangi. Mutum ba ya jinginar da kuɗinsa saboda baƙo, don haka sunayen masu tsayawar sukan zama na wa, ko suruki, ko maƙwabcin da daga baya za a ga ya auri 'yar gidan. Wani lokaci masu mashaya biyu ne ke tsaya wa juna shekara da shekaru, abin da ke nuna abota ta sana'a kawai, kuma wanda ya ɗauke ta a matsayin jini ya ɓata hanya. Daga 1729 aka ware zama na musamman sau ɗaya a shekara don sabunta lasisi. Dokar 1753 ta ƙara da cewa magatakardan kotun gunduma ya riƙe rajistar duk masu lasisi, sabon mai nema kuma ya kawo shaidar kyawun hali daga limamin cocinsu da dattawan cocin ko daga wasu magidanta na gari. Saboda haka shekarun 1753 zuwa 1828 su ne suka fi cika a ma'ajiyar takardun tarihi ta yawancin gundumomi: ana iya bin gida ɗaya shekara bayan shekara, a ga lokacin da sunan miji ya ɓace na matarsa ya maye gurbi, sannan bayan shekara biyu ko uku wani sabon namiji ya bayyana. Sau da yawa wannan sabon mijinta ne, kuma rajistar aure ta coci ce za ta tabbatar.

Bayan nan sai hanya ta yi duhu. Dokar 1828 ta soke takardar alƙawarin, rajista ta yi rauni a wurare da dama. A 1830 kuma gwamnatin Duke na Wellington ta kawo dokar da ta buɗe ƙofa gaba ɗaya: duk magidancin da ke biyan harajin gari zai iya biyan fam biyu da sule biyu ga ma'aikatar harajin kaya ya fara sayar da giya a gidansa, ba tare da ya ga alƙali ba. Manufar ita ce a janye talakawa daga barasa mai ƙarfi irin su jin. Kafin shekarar ta ƙare an buɗe irin waɗannan gidaje fiye da 24,000, zuwa 1838 sun haura 45,000. Maƙera da kafintoci da masu ɗan shago duk sun shiga, suna haɗa sana'a biyu. Wannan ne ya sa iyalai da yawa a Ingila ke da labarin wani kakan-kaka da ya taɓa riƙe mashaya, kuma wannan ne ya sa tabbatar da labarin ke da wuya, tunda alƙalai ba su rubuta su ba. Sai a 1869 aka mayar da su ƙarƙashin alƙalai, dokar 1872 kuma ta dawo da rajista mai tsari, wadda ke nuna sunan gida, da mai lasisi, da mamallakin ginin, da ranar da lasisi ya sauya hannu, da duk laifin da aka kama shi da shi.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne ƙidayar jama'a da littattafan adireshin 'yan kasuwa. Ƙidayar 1841 ce ta farko da ta rubuta sunan kowa, ko da yake ta rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, wanda ya kai 34 a rubuta masa 30. Ta 1851 ta ƙara garin haihuwa da dangantakar kowa da maigida. Ana fitar da takardun ne bayan shekara ɗari. Na 1921 sun fito a Janairun 2022, na 1931 gobara ta cinye su a 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. Shafin mashaya a ƙidaya ya fi na sauran gidaje cunkoso. Ban da maigida da iyalinsa, akwai 'yan aiki, da mai kula da dawaki, da yaron wanke kofuna, da 'yan haya, da duk matafiyin da dare ya riska a can. Saurayin da ya ɓace daga ƙauyensu tsakanin ƙidaya biyu, sau da yawa a irin wannan shafi ake tsintarsa, a wani garin da ake shimfiɗa layin dogo ko haƙar kwal. Littattafan adireshi irin na Pigot da na Kelly suna jera masu mashaya gari-gari, amma suna da wata ɗabi'a mai ban haushi: babban gida a ba shi sunansa, ƙaramin mai sayar da giya kuwa a rubuta sunan mutumin da sana'arsa kurum, a bar mai bincike ya yi ta laluben wane gida ne.

Mashaya ba ta masu ita kaɗai ba ce, kuma a nan amfaninta ya fi faɗi. Ƙauyen da ba shi da ɗakin taro, babban ɗakin mashaya ne zaurensa. Ana gwanjon gonaki da gidaje a can, sanarwar gwanjon a jarida takan ambaci sunan ɗan hayar da ke zaune a kan filin. Alƙalai sukan yi ƙananan zamansu a masauki. Sajan mai ɗaukar soja a can yake kafa teburinsa, ya miƙa wa saurayi sulen sarki, alamar ya shiga soja. Doka ta ɗora wa masu masauki sauke sojoji in sun ratso gari, har a 1686 ma'aikatar yaƙi ta ƙirga gadajen baƙi da wuraren ɗaure dawaki na garuruwan ƙasar, takardar tana nan a babbar ma'ajiyar ƙasa da ke Kew a Landan. 'Yan kwangila sukan biya leburori albashi a mashaya daren Asabar, wani kaso ya koma aljihun mai gidan kafin a kai wa mata, sai da dokar 1883 ta hana.

Mafi muhimmanci ga mai bin zuri'a shi ne zaman binciken mutuwa. Idan mutum ya mutu kwatsam, ko ya nutse a kogi, ko rami ya rufta masa, jami'in binciken musabbabin mutuwa yakan tara magidanta aƙalla goma sha biyu su ga gawar da idonsu, su saurari shaidu. Wurin da ya fi kusa mai faɗin da zai ɗauke su shi ne mashaya, gawar ma a barga ko a wani ɗakin baya ake ajiye ta. Charles Dickens ya zana irin wannan zama a littafinsa Bleak House. Takardun jami'an binciken da yawa sun salwanta, amma jaridun gari sun adana labarin, musamman bayan 1855 da aka soke harajin jarida suka yawaita. Rahoton irin wannan zama na cikin wuraren da ba su da yawa inda ake jin bakin talaka: matar mamaci ta faɗi abin da ya ci da safe, da shekarun da suka yi tare, da yawan 'ya'yan da ya bari, abokin aikinsa ya faɗi yadda igiya ta tsinke. Takardar shaidar mutuwa, wadda gwamnati ta fara bayarwa a 1837, layi ɗaya take ba da dalili. Jarida takan ba da rabin shafi, kuma sunan mashayar shi ne kalmar da ake nema da ita a rumbun tsofaffin jaridu na intanet idan sunan mamacin irin na kowa da kowa ne. Dokar lasisi ta 1902 ce ta hana yin wannan zama a mashaya matuƙar akwai wani wurin da ya dace.

Sai ƙungiyoyin taimakon juna. Tsarinsu ya yi kama da na adashi ta fuskar zubi, sai dai ba a kwasa bi da bi: ma'aikata suna zuba 'yan kwabbai duk wata a akwati mai makullai uku, a biya wanda ciwo ya kwantar, a yi wa wanda ya mutu jana'izar mutunci, domin babu abin da talakan Ingila ya tsana kamar a binne shi da kuɗin hukuma. Akwatin a mashaya yake kwana, taron ma a can ake yi, wani kaso na zubin kuma giya ake saye da shi a madadin kuɗin hayar ɗaki. Dokar George Rose ta 1793 ta ba su damar yin rajista a kotun gunduma, kuma zuwa 1803 an ƙirga ƙungiyoyi fiye da 9,000 masu mambobi kimanin 700,000. Ƙa'idojin da suka miƙa wa kotu sukan ɗauki sunayen shugabanni da sunan gidan da suke haɗuwa. Ƙungiyoyin ƙwadago na farko ma haka suka tashi. Tela ko magini da ya fita neman aiki gari-gari yana da mashayar da zai nufa a kowane gari ya nuna katinsa, a ba shi abinci da wurin kwana. Mashayar da ake kira Oddfellows Arms ko Foresters Arms a yau tana ɗauke da sunan irin waɗannan ƙungiyoyi ne.

Sunayen mashayu kansu shaida ne, in an karanta su da hankali. Royal Oak na tuna itacen da Charles na Biyu ya ɓuya a kai bayan yaƙin Worcester a 1651, White Hart kuma farar barewa ce, tambarin Richard na Biyu. Waɗannan ba su faɗin komai game da iyalin kowa. Masu amfani su ne sunayen sana'a, irin su Miners Arms na mahaƙa ko Blacksmiths Arms na maƙera, waɗanda ke nuna su wa ke zama a ciki ko abin da mai gidan na farko ke yi da rana. Sun fi amfani kuma idan sunan na gidan sarautar da ya mallaki filayen yankin ne. Ƙauyen da mashayarsa ke amsa Devonshire Arms, akwai alamar filayensa na Duke na Devonshire ne a da, kuma littattafan hayar wannan gida ne za a nema don a ga sunan kakan da ya yi noma a can. Wahalar ita ce suna ba ya zama wuri ɗaya. Gida ɗaya yakan sauya suna sau uku a ƙarni ɗaya, suna ɗaya kuma yakan ƙaura daga tsohon gini zuwa sabo a tsallaken titi. Red Lion kaɗai akwai ɗaruruwa.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 manyan kamfanonin giya suka saye yawancin mashayu, suka zuba 'yan haya bisa sharaɗin ba za su sayar da giyar kowa ba sai tasu. Wannan ya haifar da wani rukunin takardu: yarjejeniyar haya, littafin bashi, rahoton mai duba gidaje, har da hotunan gine-gine. Dokar 1904 ta ba da damar rufe mashayun da suka yi yawa a unguwa tare da biyan diyya, kuma fayil ɗin diyyar yakan bayyana ɗakunan gidan da yawan gangunan da ake sayarwa a mako. Masu shan giyar ma ba su tsira ba. Ƙarƙashin dokar 1902, wanda kotu ta ayyana a matsayin mashayin da ya gagara ana hana sayar masa da giya shekara uku, a raba wa masu mashaya takarda mai hotonsa da tsawonsa da sana'arsa da tabon jikinsa. Tarin irin waɗannan takardu na Birmingham daga 1903 zuwa 1906, wanda kamfanin giya na Holt ya haɗa, ya rage har yau. Ga wasu iyalai, shi ne hoto ɗaya tilo da ya saura na kakarsu.

Duk wannan aikin ma'ajiya ne. Zuwa mashayar da ƙafa yana ba da wani abu dabam. Na farko shi ne sanin wuri: tazarar da ke tsakaninta da coci, da masana'anta, da layin gidajen da iyalin suka zauna, abin da ke bayyana dalilin da ya sa saurayin wannan titi ya auri 'yar wancan. Ginin ma yana magana. Doguwar ƙofa mai baka a tsakiya tana nuna masaukin karusa ne kafin jirgin ƙasa ya kashe wannan kasuwa a shekarun 1840. George Inn da ke Southwark a Landan, wanda aka sake ginawa a 1677, shi ne misalin da ya rage a birnin da barandarsa. Gilashin taga mai zane yakan ɗauki sunan kamfanin giyar da ya taɓa mallakar gidan, daga nan a san takardun wa za a nema. A bango kuma akan samu jerin sunayen waɗanda suka riƙe gidan, da hotunan 'yan wasan jifan kibiya ko na ƙwallo, da na fita yawon shekara a buɗaɗɗiyar mota, wasu da sunaye a ƙasa. Wasu gidajen suna da allon sunayen abokan cinikinsu da suka tafi yaƙin 1914 zuwa 1918.

Na biyu shi ne mutane. Tsofaffin da suka yi shekara hamsin suna zama a kujera ɗaya sun san laƙabi, sun san wane Smith ne na gona wane ne na kanti, sun san dangin da suka rage a gari ƙarƙashin sunan aure da ba ya cikin takardar mai bincike. Masu wannan aiki sukan je ne da rana tsaka a ranar aiki, lokacin da mai gida ke da sukunin hira, su sayi abin sha ko da shayi ne ko lemo, su ajiye kwafen tsohon hoto a kan tebur. Hoto ya fi tambaya saurin buɗe baki. Sai dai tunanin baka a irin wannan wuri bai cika wuce kakanni biyu ko uku ba, kuma mai gidan na yanzu sau da yawa manaja ne da kamfani ya turo bara.

Abin da aka ji ko aka gani a bango sai an tace. Mashaya kasuwanci ce, tsufa kuma talla ne. Ye Olde Trip to Jerusalem da ke Nottingham ta rubuta 1189 a jikinta, alhali ginin da ke tsaye na ƙarni na 17 ne, kuma babu takardar da ta goyi bayan wancan kwanan wata. Kusan kowace tsohuwar mashaya a kan hanyar arewa tana da labarin cewa ɗan fashin nan Dick Turpin, wanda aka rataye a York a 1739, ya kwana a cikinta, ko kuma akwai ramin ƙarƙashin ƙasa da ke kaiwa coci. Jerin sunayen da ke bango yawanci wani mai sha'awar tarihi ne ya tsamo su daga littattafan adireshi, don haka shekarar da ke gefen suna ita ce shekarar da aka buga littafin, ba shekarar da mutumin ya karɓi gida ba. Amfaninsa shi ne ya nuna inda za a fara duba rajistar lasisi.

Gidajen kansu suna ƙarewa. A shekarar 2000 akwai mashayu sama da 60,000 a Birtaniya, zuwa 2019 sun koma kimanin 47,000, an kuma ci gaba da rufewa tun daga lokacin. Wasu sun zama gidajen zama, wasu kantuna, wasu a birane sun koma masallatai ko cibiyoyin al'umma. Idan mashayar kakanni ta shiga wannan sahu, taswira ce ke nuna gurbinta. Manyan taswirorin hukumar safiyo ta Birtaniya na ƙarshen ƙarni na 19 suna sa haruffan P.H. a kan mashaya mai cikakken lasisi, B.H. a kan ƙaramin gidan giya. Taswirorin zakkar coci da aka zana bayan dokar 1836 suna ba kowane fili lamba tare da sunan mai shi da na mazauninsa, binciken ƙimar filaye na 1910 kuma ya sake yin haka da ƙarin bayanin gini. In aka ɗora waɗannan a kan taswirar yau, akan tarar da gidan a kusurwar titi, ƙofarsa a yanke a kan kwana, da ƙarfen da ake rataya alama har yanzu a jikin bango, da murfin ramin da ake gangara ganguna a gefen hanya.